Dajin Kogo da Ranin Matasanmu: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Jihar Katsina

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Katsina,
Malam Dikko Umaru Raɗɗa,
Gidan Gwamnati, Katsina.



Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da addu'ar Allah ya dafa maka a kan nauyin da ya ɗora maka, na rubuto ne a kan Dajin Kogo da ke ƙasar Faskari, da kuma matasan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa waɗanda rani ke kwashe mana duk shekara. Roƙona shi ne gwamnatinka ta sa wannan daji ya zama wurin aikin rani ga waɗannan matasa, aikin da ake biya, mai lokacin farawa da lokacin tashi.

A ƙarshen shekarar 2020, Gwamnatin Tarayya a ƙarƙashin marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ta amince da ƙarin gandun dajin ƙasa guda 10 a kan bakwai ɗin da ake da su. A cikin jerin akwai Falgore ta Kano, da fadamun Haɗeja na Jigawa, da Alawa ta Neja, da Pandam ta Filato, sannan Kogo tamu ta Katsina. Mutanenmu ba su samu sukunin sauraren wannan labari ba. A daidai wannan lokaci ne, daren 11 ga Disamba, aka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara aka kora ɗaruruwan yaranmu cikin daji, har sai bayan kwana shida aka sako 344. Tun kafin ranar ma ƙauyukan Faskari da Sabuwa sun sha binne gawarwaki, amma daga ranar duk uwar da ta ji an ambaci daji sai gabanta ya faɗi. Saboda haka na san yadda maganar kallon namun daji za ta sauka a kunnen wanda ya sayar da gonarsa ya biya kuɗin fansa. Zai ce ana ta kai, wa ke ta kaya. Ban raina wannan magana ba, domin ni ma a cikin masu ɗaukar gawa nake, kuma saboda ita ce ma na ɗauki alƙalami.

Kogo ba shi kaɗai yake tsaye ba. Yana cikin zirin dajin da ya haɗe da Kamuku a ƙasar Birnin Gwari da Kuyambana a Zamfara, inda mutum zai ratsa jiha uku bai taka kwalta ba. Kamuku ta zama gandun dajin ƙasa tun 1999, tana da faɗin murabba'in kilomita sama da 1,100, amma sunan bai hana ɓarayin shanu mayar da ita mafaka ba. Abin da ya faru a can shi ya faru a nan: ma'aikacin gandun daji ya janye, maharbi ya rataye bakansa, mai cin zuma ya daina shiga, matan da ke tsintar kaɗe suka tsaya a bakin gari, Bafulatanin da ke kiwonsa tsakani da Allah aka kwashe masa shanu ya yi ƙaura. Da mutanen kirki suka fita, wasu suka shiga. Gwamnatinka ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Gwamnatin Tarayya kuma ta amince da ɗaukar dakarun tsaron daji a 2025, kuma duka biyun abin a yaba ne. To amma soja da ɗan sanda da ɗan sintiri suna shiga su fito. In sun fito, wa zai kwana a wurin? Dajin da babu mai wata halattacciyar sana'a a cikinsa, gobe ma wani zai sake kafa bukka.

Yanzu bari in zo kan rani, wanda ka fi ni saninsa, tunda noma da rayuwar karkara ka karanta a jami'a. Ƙasarmu ta kudancin Katsina Allah ya ba ta albarkar noma: masara, dawa, waken suya, auduga, barkono. Daga Yuni zuwa Nuwamba saurayi ba ya rasa abin yi, ko a gonar gidansu ko a ƙwadago. Da zarar an gama sussuka an kai buhuna kasuwannin Sheme da Funtuwa da Ɗandume, sai hannu ya koma aljihu har wata shida. Mai sa'a ya samu ɗan fili a bakin madatsar Mairuwa ya yi lambu. Sauran sai tasha. Wannan ya nufi Abuja tura baro, wancan Legas acaba ko gadi, wani Fatakwal yankan farce, wani ramin zinare a Zamfara ko Neja, inda ƙasa ke rufta wa mutane. Cin rani tsohuwar al'adarmu ce, kakanninmu sun yi, ba abin kunya ba ne. Abin da ya sauya shi ne birnin ya cika, an hana acaba a wurare da dama, kuɗin mota ya ninka, kuma yaron da ya tafi da niyyar tara kuɗin taki sau da yawa yakan dawo da ciwo da bashi.

Wanda bai tafi ba kuwa, shi ya fi tayar mini da hankali. Zai shiga gefen dajin nan da gatari ya sare ƙirya da marke da kaɗanya ya toya gawayi, tirela ta zo ta kwashe. Madobiya kuwa, wadda aka yi ta lodinta zuwa Sin har sai da aka sa ta cikin jerin itatuwan da ake taƙaita cinikinsu a duniya a 2017, yau sai an yi tafiya kafin a ga babba. Wani kuma, kowa ya sani ko ba a faɗa ba, shi ne mai kai wa 'yan bindiga burodi da fetur da labari. Ba ina wanke shi ba ne. Amma yaron da ke da wurin zuwa da asuba, da albashin da zai karɓa ƙarshen wata, saye shi yana da wuya.

Ga abin da nake so a lura da shi, ranka ya daɗe. Watannin da matasanmu ke zaman banza su ne ainihin watannin aiki a kowane gandun daji na irin ƙasarmu. A duba Yankari ta Bauci, wadda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa masu ziyara a 1962. Da damina gamba takan fi mutum tsayi, hanyoyi su cabe, dabbobi su bazu ko'ina saboda ruwa na kowane kwari. Sai rani ya yi, ciyawa ta kwanta, tafkuna su ƙafe, sannan giwa da ɓauna da gwanki da gwambaza ke gangarowa kogin Gaji, mai ziyara ya gan su ido da ido, ya dawo ya yi wanka a ruwan ɗumin Wikki. Lokacin ne direba ke samu, mai rakiya ke samu, mai abinci ke samu. Lokacin ne kuma wuta da mafarauta ke yi wa daji barazana, don haka lokacin ake buƙatar hannaye da yawa. Da shamuwa ta dawo, gajimare ya fara haɗuwa, aikin daji ya lafa, kowa ya koma gonarsa. Ba a raba manomi da garmarsa ba, kuma gwamnati ba ta ɗauki nauyin albashin wata goma sha biyu ba.

Aikin farko shi ne na wuta. Gobarar da ake sakewa a Fabrairu ko Maris, sa'ad da komai ya bushe ƙamas kuma iska na kaɗawa, takan cinye ƙananan itatuwa, ta ƙone furen ɗorawa da kaɗanya, ta kashe 'ya'yan dabbobi, wani lokaci ta tsallaka ta lashe karan da manomi ya tara. Masana gandun daji sun daɗe da sanin maganinta: a share layukan tare wuta tun ciyawa na da ɗanye, sannan a yi ƙunar wuri a Nuwamba zuwa farkon Disamba, yanki yanki, da sanyin yamma, wutar ta ci sama sama ta mutu da raɓa. Bayan kwanaki kaɗan sabon toho ya fito, gada da mazo su samu abin ci, kuma babbar gobara in ta taso daga baya ba ta samun abin kamawa. Wannan aiki ne na lauje da adda da magirbi, aikin mutane da yawa, kuma babu ɗan ƙauyen da sai an kai shi makaranta kafin ya iya.

Bayan wuta sai hanya. Duk damina ruwa yakan yanke hanyoyin cikin daji, dole a cike zaizaya a gyara mashigai. Hanyar da motar masu ziyara za ta bi wata rana, ita ce motar jami'an tsaro za ta bi yau, kuma ita mai naƙuda za ta bi zuwa asibiti. Sai iyaka: a zagaya da masu unguwanni da arɗo-arɗo a kafa turaku inda kowa zai gani, a fitar da burtali da mashaya a fili. Sai yashe tafkunan da suka cike da yashi domin ruwa ya kai bazara. Sai renon dashe, a tara irin maɗaci da kawo da maje da doka da taura, a rene su a leda da rani, a dasa da saukar ruwa. A nan mata da tsofaffi ma suna da gurbi. Sai amya: maimakon a cinna wa kogon itace wuta saboda zuma, a ba matasa akwatunan kiwon zuma su jera a gefen daji. Kalwa tana nuna wajen Maris da Afrilu, kaɗe na zuba da farkon damina, kuma matan da ke daddawa da man kaɗe su suka fi kowa asara idan aka sare uwar.

Akwai kuma aikin da na fi ƙauna, wato bin sawu da ƙidaya. Dattawan Birnin Kogo da kewaye suna ba da labarin gwanki da kanki da mugun dawa da gwaggon biri, har da giwayen da kan ratso daga wajen Kamuku. Shekarun bindiga sun yi wa namun daji ɓarna kamar yadda suka yi wa mutane. Kafin a yi wa kowa alkawarin zai ga wani abu, sai a shiga a ƙirga abin da ya rage. Su wa za su yi wannan? Muna da su. Kowane gari a yankin nan yana da Sarkin Baka ko Sarkin Dawa, da mutanen da za su dubi ƙasa su gaya maka dabbar da ta wuce, mace ce ko namiji, jiya ko ɗazu, da gudu ko da tafiya. Maharbin da ya iya ɗaura kan burtu a goshinsa ya yi rarrafe har ya isa kusa da barewa ba ta ankara ba, ilimi gare shi wanda ba a samu a aji. Waɗannan mutane suna tsufa, 'ya'yansu kuma sun shekara da yawa ba su shiga daji ba. Idan suka tafi da abin da suka sani, kuɗi ba ya dawo da shi. A haɗa kowane dattijo da samari 'yan makaranta masu waya, shi ya karanta sawu, su su rubuta su ɗauki hoto su sa alamar wuri. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Ahmadu Bello suna da malamai da ɗaliban da ke neman filin bincike, kuma akwai kwalejin koyon kula da namun daji a New Bussa inda za a tura waɗanda suka nuna hazaƙa.

Ina so in tsaya a kan Fulani makiyaya, domin a nan irin wannan shiri ke tashi ko ya faɗi. Babu wanda ya san lungunan Kogo kamar yaron da ya tashi yana bin shanu a ciki. Idan aka ɗauki 'yan gari zalla aka ba su kaki, aka ce su tsare daji, mutanen ruga za su ɗauka 'yan sa-kai ne aka sauya wa riga, kuma mun ga inda wannan ya kai mu. A ɗauki Bahaushe da Bafulatani a tawaga ɗaya, albashi ɗaya, tukunya ɗaya. Hakimanmu, Sarkin Yamma a Faskari, da mai sarautar Kogo a Sabuwa, da Sarkin Pauwa a Ƙanƙara, tare da dagatai da arɗo-arɗonsu, sun san ɗan wane ne mai amana a kowane gefe.

Wannan ba mafarki ba ne, an gwada a ƙasashen da suka yi kama da tamu. A Kure ta Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawa sun ragu har suka koma 49 a 1996. Aka jawo mutanen ƙauyukan wurin, samarinsu suka zama masu rakiyar baƙi da ƙungiyarsu, aka taimaka wa garuruwa da rijiyoyi da ƙananan rance, sai ga adadin ya haura 600. A 2018 har aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, maƙwabtanmu, inda aka daɗe ba a ga raƙumin dawa ba. A Zakuma ta Cadi mahara a kan dawakai sun rage giwaye daga sama da 4,000 a 2002 zuwa kimanin 450 a 2010. Abin da ya juya lamarin, baya ga horar da ma'aikata, shi ne an raba wa ƙauyukan kewaye rediyon oba-oba, duk wanda ya ga baƙuwar fuska ya sanar, su ma in an tasar musu a kawo ɗauki. A Yankari kuma, tun da Jihar Bauci ta haɗa hannu da ƙungiyar kare namun daji ta WCS a 2014, an ɗauki mutanen ƙauyuka su riƙa sa ido a kan giwaye suna gargaɗin manoma, kisan giwa ya ja baya ƙwarai.

Kure ta koya mana wani darasin mai ɗaci. Ranar 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a wurin, Faransawa shida ma'aikatan agaji da direbansu da mai yi musu rakiya, ɗan ƙasa. Baƙi suka ɗauke ƙafa, masu rakiya suka zauna babu aiki. Don haka kada a gina Kogo a kan tsammanin Bature. Masu kallon da nake hange namu ne. Yaro a Malumfashi ko Bakori yau ya san zaki a waya, amma bai taɓa ganin gada a raye ba. Yana jin kura da dila da gizo a tatsuniya, yana jin ana yi wa wani kirari da giwa ko ɓauna, bai san abin da ake kwatantawa ba. Ungulu ma, da muka tashi muna korar ta a mahauta, ta yi ƙarancin da tun 2015 aka sa ta a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Tsuntsaye su ne ƙofar farawa, domin ba sa buƙatar a nutsa cikin ƙurmi: burtu, tuje, zabin daji, fakara, carki, gauraka in an dace, da baƙin da ke zuwa daga Turai su yi hunturu tare da mu. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis da ke Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Najeriya tun 2015, kuma matasan Arewa da dama sun shiga da wayoyinsu da madubin hangen nesa. Idan hankali ya kwanta, motar makaranta ɗaya a mako daga Funtuwa ko Katsina ta isa ta ba mai rakiya da mai ƙosai da mai shayi abin yi.

Sai abubuwan da nake tsoro, ranka ya daɗe, kuma gara in faɗe su tun yanzu.

Ina tsoron jerin sunaye. Mun sha ganin shirin tallafi da aka tsara domin ɗan ƙauye ya ƙare a hannun 'yan gari masu uwa a gindin murhu, sunaye a takarda, babu kowa a fili. A yi ɗaukar a bainar jama'a a ƙofar dagaci, a liƙa sunayen, a kira su kowace safiya a wurin aiki, kuɗin kuma ya tafi asusun kowane ma'aikaci kai tsaye ƙarshen wata ba tare da ya bi ta hannun ɗan kwangila ba. Leburan da aka riƙe wa haƙƙi wata biyu, shi zai fara sare itacen da aka sa shi tsaro.

Ina tsoron a jefa yaran mutane cikin halaka. Mai share layin wuta ba soja ba ne, kada a ba shi adda a tura shi inda mai bindiga ke shakkar zuwa, kada kuma a mayar da shi ɗan leƙen asiri, domin ranar da aka yi masa wannan kallo shi da ƙauyensu sun zama abin hari. A fara daga gefen da jami'an tsaro suka tabbatar, a matsa a hankali, shekara bayan shekara. Wanda ya ji rauni a yi masa magani, wanda ya rasu a rubuce yake abin da iyalinsa za su samu, kafin a fara.

Ina kuma tsoron kora. Shekaru sun ja, mutane sun yi gonaki a gefen gandun, wasu gudun hijira ce ta kai su. Dokar gandun dajin ƙasa tana da tsauri a kan noma da kiwo da farauta. Idan abin da talakan Faskari ya fara gani daga wannan gandu shi ne takardar tashi, an yi asararsa har abada. A zauna da su, a ware yankin da za a ci moriya da izini, a tsinci kaɗe, a yanki ciyawar jinka, a ɗebi magani, a bar tsakiya ga dabbobi. Musulunci ma ya san keɓe fili domin amfanin jama'a. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. Malamanmu za su iya bayyana wa jama'a wannan a kan mumbari fiye da kowane allon sanarwa.

Na san gandun dajin ƙasa a hannun hukumar tarayya yake, ba a hannun jiha ba. Amma ƙasar ta Katsina ce, mutanen naka ne, kuma Abuja ba ta cika hanzari a kan abin da mai wurin bai matsa ba. Kai ne za ka iya zaunar da Hukumar Gandun Dajin Ƙasa da Ma'aikatar Muhalli ta jiha da shugabannin ƙananan hukumomin uku da Masarautar Katsina a tebur guda, a rubuta yarjejeniyar da ta ce ƙananan ayyuka da aikin rani na 'yan yankin ne. Batun kuɗi kuma, Katsina tana cikin shirin ACReSAL na Bankin Duniya, mai dala miliyan 700, wanda aka amince da shi a Disamba 2021 domin farfaɗo da ƙasa da dazuzzuka a jihohin Arewa 19 da Abuja. Share layin wuta da renon dashe da yashe tafki duk irin aikin da aka kafa shi dominsa ne. Ya kuma kamata a tuntuɓi Kaduna da Zamfara, tunda wuta da dabba da ɓarawo babu mai tsayawa a kan iyakar jiha.

Abin da nake roƙo a wannan shekara kaɗan ne: a zaɓi ƙauyuka ƙalilan a gefen da ya fi kwanciyar hankali, a gwada rani ɗaya, a biya kowa a kan kari, a buga sakamakon kowa ya gani. Lokaci ne kawai ba ya jira. Dole a gama zaɓen mutane kafin a fara yankan dawa, domin layin wuta ana share shi ne ciyawa na da sauran ɗanye, kuma saurayin da bai ji an kira sunansa ba kafin ya sayar da amfaninsa, zai hau mota.

Allah ya taimake ka, ya ba ka mashawarta na gari, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya dawo mana da zaman lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani ɗan Ƙanƙara.